Daga ina ka samo sunan da kake buga gem da shi?

Barde069: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina so mu tattauna. Mu a nan mun fi sanin juna da sunayen gem a kan sunayen yanka. Akwai wanda muke shiga fili tare kusan kullum dare, amma in aka kira min sunan da mahaifinsa ya raɗa masa sai na tsaya tunani. To kowa ya faɗa mana: sunan da ke saman kanka a PUBG, ko Free Fire, ko eFootball, daga ina ya fito, kuma me yake nufi?

Nawa a fili yake. Barde jarumin mahayin doki ne a fagen yaƙi. 069 kuma lambar Zariya ce a zamanin wayar tebur ta NITEL, kamar yadda Kano take 064, Kaduna 062. Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, in ka leƙa jerin yaranmu na Zariya, daga Dark sai Ghost sai Killer sai Shadow. Yaro ɗan Ƙofar Gayan, kakansa da kirarinsa, amma shi ya je ya ari sunan da ko ma'anarsa bai tsaya ya bincika ba. Wannan abu yana damuna har zuciya.

Castolo_TudunWada: Wa alaikumus salam. Barde ƙanena, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni ba ni na zaɓi nawa ba. Lokacin PlayStation 2 ina riƙe da gidan gem a Tudun Wada, talabijin uku da janareta. Duk wanda ya buga Master League, inda kake gina ƙungiyarka, a gem ɗin ƙwallon ƙafa na PES ta wancan zamani ya san 'yan wasan da kamfanin Konami yake ba ka ka fara da su, waɗanda babu su a duniya: Ivarov a raga, Valeny a baya, Minanda a tsakiya, Espimas da Ximelez a gefe, Castolo a gaba. Kowa yana samun kuɗi yake sayar da su ya sayo manyan 'yan wasa. Ni kuwa na ƙi rabuwa da Castolo, da shi nake cin yaran unguwa. Shi ke nan suka liƙa min. Yau 'ya'yana suna makarantar sakandare, amma in na ratsa kasuwar Tudun Wada sai na ji wani magidanci da gemu ya ɗaga murya ya ce "Oga Castolo!"

Kuma ku tuna gem ɗin kansa da sunayen aro ya rayu. Saboda rashin lasisi, Manchester United ita ce Man Red, City Man Blue, Arsenal North London, Liverpool Merseyside Red. Babu wanda ya rikice. Kowa ya san wa ake nufi.

Bahagon_Kwarbai: Oga Castolo, barka da dare. Abin da ka faɗa shi ne ainihin maganar. Mu Hausawa ba mutum ne ke sa wa kansa suna ba. Na yanka uba ne ke zaɓa, liman ya raɗa ranar bakwai. Na rana, ranar ce ta ba ka: Ɗanladi, Ɗantala, Balarabe, Ɗanlami, Ɗanjuma, Ɗan'asabe. Laƙabi kuwa jama'a ne ke dubanka su ba ka, ko kana so ko ba ka so.

Ni gidanmu 'yan kallon dambe ne, kuma a can na ɗauko tsarin nawa. A dambe in ka ji "Shagon wane", yaron wane ne, a hannunsa ya tashi. "Autan wane" shi ne ƙaramin yaransa. "Bahagon wane" da hagu yake ɗaure zare. Sunan kaɗai ya gaya maka maigidansa, ya gaya maka hannun da za ka kiyaya, sau da yawa ma har ɓangarensa, ko Kudu ko Arewa ko Guramada. Ni bahago ne, maɓallin harbina a hagu yake, kuma a Kwarbai aka binne cibiyata. Ban ƙara wa kaina komai ba. Wanda ya kira kansa Killer kuma, wa ya gani ya shaida?

꧁DarkKiller꧂: To ai ni ake nufi, gara na fito. Yaya Barde, Yaya Bahago, da girmanku, amma ku saurare ni. Ba a Kwarbai kaɗai muke buga gem ɗin nan ba. Kana shiga za a haɗa ka da Balarabe, da Baturke, da ɗan Pakistan. In sunanka Bahagon Kwarbai, ta yaya zai kira ka ya ce ga abokin gaba a bayanka? Kafin ya gama haɗa baƙaƙen an kwantar da kai. Dark kuwa kowa ya iya faɗa.

Na biyu, kuma wannan shi ya fi min ciwo. Da farko sunana da Naija a jiki. Ina shiga wasu za su buɗe makirufo su fara kirana ɗan damfara, wasu su fice su bar ni ni kaɗai. Ban cuci kowa ba, ban ma yi magana ba tukuna. Da na canza, abin ya ragu sosai. Ba ƙin Hausa nake yi ba. So nake a bar ni na yi wasana.

Injiniya_Samaru: Ƙanena Dark yana da hujja, kada a danne shi. Bari na ɗan kawo tarihin abin, don ba jiya aka fara ba.

A injinan gem na tsaye da ake jefa wa kwabo a Amurka da Jafan, in ka ci maki mai yawa haruffa uku kacal ake ba ka ka rubuta. Asteroids na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1979, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan. Da intanet ta zo aka sami fili. Xbox Live ta fara a 2002, kowane mutum da suna ɗaya da yake bin sa duk gem ɗin da ya shiga, kuma a lokacin ba a yarda mutum biyu su riƙe iri ɗaya ba. Nan lambobi suka yi kasuwa: ka rubuta sunan da kake so a ce wani ya riga ka, sai ka liƙa masa lamba. A PlayStation ma sai a 2019 Sony ta ba da damar canza suna. Kafin nan duk abin da ka rubuta kana yaro, da shi za ka girma.

Sa lamba a madadin harafi kuwa tsohuwar al'adar masu kwamfuta ce: 1 a wurin i, 3 a wurin e, 0 a wurin o. Johnathan Wendel, Ba'amurken da ya yi suna a Quake III, Fatal1ty yake rubutawa, kuma daga Mortal Kombat ya ɗauko kalmar, bugun ƙarshe da ake gamawa da abokin karawa. Oleksandr Kostyliev ɗan Yukren, gwanin Counter-Strike, s1mple yake rubutawa. Lee Sang-hyeok na Koriya ta Kudu, wanda ya fara cin kofin duniya na League of Legends a 2013, duniya ta san shi da Faker. Lura da kyau, Yaya Barde: ɗan Koriya ne, yana da harshensa da rubutunsa, amma sunan Turanci ya ɗauka. Ba yaran Zariya kaɗai ba ne.

Babban misali ma yana hannunmu kullum. PUBG taƙaitawa ce ta PlayerUnknown's Battlegrounds, kuma PlayerUnknown sunan gem ne na mutum ɗaya, Brendan Greene ɗan ƙasar Ayilan, wanda ya faro da gyaran wasan Arma kafin nasa ya fito a 2017. Duk sanda ka ce za ka buga PUBG, laƙabin mutum kake kira.

064_Boss: Ni baƙo ne daga Kano, karatu ya kawo ni Kongo. Zage-zagi ku yi ta musu, mu dai in an shiga fili ba ma tambayar suna.

Autan_Gyallesu: Bakano, zauna ka ji karatu, garin ilimi ka zo. Asabar ma muna jiranka.

Barde069: Injiniya, na ji batun Faker kuma gaskiya ne. Amma shi in ya ci kofi kowa ya san Koriya ce ta ci, da tutarsa da ƙungiyarsa T1. Mu fa? Yaronmu zai kai matakin Conqueror, ƙololuwar matsayi a PUBG, da sunan Ghost, babu wanda zai taɓa sanin Bahaushe ne ya yi. Dark ƙanena, zagin da aka yi maka na san shi, ni ma an yi min. Sai dai in duk wanda ya iya wasa a cikinmu ya ɓoye asalinsa, to da wa za su gane cewa ba yadda suke zato muke ba? Kuma sunan Hausa ba dole sai dogo ba. Zaki, Kura, Damisa, Shaho, Garkuwa, Guguwa, Tsawa. Wane Balarabe ne zai kasa cewa Zaki?

Kurciya: Salamu alaikum. Kun yi ta magana a kan zaɓi, ku bari mu ma mu ce wani abu, don mu mata ba zaɓi muke yi ba, ɓuya muke yi. A nan zauren ni ce Kurciya saboda na san ku. A cikin gem sunan namiji nake amfani da shi, kuma ba na buɗe makirufo sai da waɗanda na sani. Da na fara, sunan mace na sa. Ba a gama wasa ɗaya ba saƙonni sun cika: turo lambarki, a ina kike, kina da aure? In ka ƙi amsawa a koma zagi. Abin takaici, masu yi min da Hausa sun fi masu yi da Turanci naci.

Ina da ƙawaye a Samaru da suka iya Free Fire sosai, kuma duk haka suke yi. Wataƙila ma kun sha kashi a hannunsu kuna zaton wani ƙato ne. Yaya Barde, ina son abin da kake kira a kai. Ni ma zan so na rubuta Amina a saman kaina, garin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku muke, ganuwa ma da sunanta ake kira. Amma sai yaranmu maza sun gyara bakinsu tukuna.

Castolo_TudunWada: Ƙanwata, Allah Ya ba ki haƙuri. Wannan abin kunya ne gare mu. Barde, kai ne shugaban zaure, a sa doka: duk wanda aka kawo hoton saƙonsa yana takura wa mace a gem, a fitar da shi, kuma kada kowa ya ƙara shiga fili da shi.

Barde069: An sa, Oga. Daga daren nan.

Ɗalibi_Kusfa: Allah Ya saka da alheri. Ina so na ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba. Laƙabi a kan kansa ba laifi ba ne. Abu Huraira laƙabi ne, saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, kuma da shi duniya ta san shi. A cikin maruwaita hadisi akwai A'amash da A'araj, ɗaya saboda raunin ido, ɗaya saboda gurguntaka, malamai suna ambatonsu haka don a gane su, ba don wulaƙanci ba. Abin da aka hana shi ne jifan juna da munanan laƙabobi, yana nan a Suratul Hujurat aya ta 11.

Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana canza suna mai mummunar ma'ana. A Sahihu Muslim, ya mayar da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya mai harafin ainun da sadun, wato mai saɓo, zuwa Jamila. A Bukhari kuma akwai kakan Sa'idu ɗan Musayyib mai suna Haznu, ma'ana tsauri. Aka ce masa kai Sahlu ne, ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tsaurin nan bai gushe a cikinsu ba bayan haka.

To ni na ga yaranmu da Shaiɗan, da Iblis, da Fir'auna, har da mai sa sunan mala'ikan mutuwa. Za a ce ai wasa ne. Amma sunan da abokanka za su kira ka da shi dare da rana, har ya bi ka bakin masallaci, ya wuce wasa. Ina roƙon masu irin waɗannan su canza.

꧁DarkKiller꧂: Allah gafarta Malam, nawa fa? Ya shiga ciki?

Ɗalibi_Kusfa: Ni ɗalibi ne, ba zan ce maka haramun ba. Bai kai waɗancan ba. Amma fassara shi da Hausa, ka ji ko za ka so Hajiyarku ta ji ana kiranka da shi a ƙofar gida.

MaiSunanMalam: Nawa ba ruwansa da jarumta. Sunan kakana na wajen uba aka mayar min, don haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, alkunya take yi. Ita da matan gidanmu duka Mai Sunan Malam suke ce min. Da na zo buɗe Call of Duty na gwada sunaye duk an ɗauka, sai na rubuta wannan ya shiga. Yanzu ina aiki a Legas, kuma duk lokacin da wani a cikinku ya ce "Mai Suna, bi ta dama", ji nake kamar ina tsakar gidanmu a Limancin Kona. Ko kyauta aka ba ni katin canza suna ba zan taɓa shi ba.

Kufena: Ni dutsen na ɗauka, don daga ɗakina a Wusasa shi nake fara gani da safe. Amma akwai abin da nake so na tambayi Barde, kuma ba da raini ba. Ka ce a koma sunayen gida. To na ga masu sa Madaki, Galadima, Wambai, Dallatu, Iyan Zazzau, har na ga mai sa Sarkin Zazzau. Waɗannan ba kalmomin ado ba ne, sarautu ne masu rai, akwai dattawan da Mai Martaba ya naɗa wa rawaninsu. Sai ka ji "Galadiman Zazzau" ya buɗe makirufo yana ashar don an kashe shi. Wannan ai ya fi Ghost muni. Naka ma, Barde, sarauta ce a fada.

Barde069: Tambaya ce mai kyau. Ni a ganina akwai bambanci. Barde, Jarmai, Sadauki, Garkuwa, kalmomi ne da Bahaushe ke yaba jarumi da su ko ba rawani. Amma da zarar ka haɗa da "Zazzau", ka shiga rigar wani mutum takamaimai, kuma wannan bai dace ba. Shi ya sa ban rubuta Barden Zazzau ba. Ashar kuwa, ko da wane suna ka yi ta, kai ka zubar da mutuncinka.

Kufena: Na gamsu da rabi. Ni dai da za a bar sarautun gaba ɗaya da ya fi. Ga sunayen ƙofofi nan ba mai su: Kuyambana, Tukur-Tukur, Kibo, Jatau, Doka. Ga Madarkaci, ga Kubanni, ga Galma.

'YarTarihi_Kongo: Tunda an zo nan bari na sa baki. Injiniya ya ce laƙabin mutum ɗaya ya zama sunan gem da duniya ke bugawa. Mu namu ya fi haka. Lokacin jihadi, da Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya ya yi kudu wajen Zuba, ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa gari a 1828 aka kira shi Abuja. A 1976 da gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wato babban birnin Najeriya laƙabin Bazazzagi yake amsawa. Duk jakadan da ya zo ƙasar nan sai ya furta shi, kuma ban ji wanda harshensa ya karye ba. Don haka batun cewa baƙi ba za su iya faɗin namu ba, ban karɓe shi duka ba.

Injiniya_Samaru: Anti, wannan ta zauna. Ƙari biyu daga gare ni.

Na farko, adon da Dark ya sa a gefen sunansa, ꧁ da ꧂, ba zane ba ne kawai, alamomi ne na rubutun mutanen tsibirin Jawa a Indonesiya. ツ da ake sawa don ya yi kama da murmushi harafin Jafananci ne, "tsu" ake karanta shi. Muna ɗaukar haruffan mutanen nesa muna ado da su, namu masu lanƙwasa kuma, ƙ da ɗ da ɓ, mun watsar. Na san wani gem ɗin ba ya karɓarsu, ko ya nuna akwati a wurinsu, amma ku riƙa gwadawa kafin ku haƙura. Ƙaura daban, Kaura daban.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ku daina sa cikakken sunanku da shekarar haihuwa. Ina ganin irin su suna, sunan mahaifi, sannan 2007. Ka ba baƙo sunanka, da shekarunka, ga unguwarku a jiki, wani ma da sunan yake a Facebook da TikTok. Mai neman sace maka asusu ko ya yaudari 'yan'uwanka da sunanka ka rage masa rabin aiki. Masu ƙanne ƙanana a Free Fire, ku duba wayoyinsu yau. In unguwa za ka sa, kada ka haɗa da sunan yanka. Canzawa na cin dayamon, wato kuɗin cikin gem, ko kati, amma ya fi sauƙi a kan abin da zai biyo baya.

Autan_Gyallesu: Wannan gaskiya ne. Ƙanena har lambar wayarsa ya sa a bayanin asusunsa. Yanzu zan karɓi wayar.

꧁DarkKiller꧂: Na karanta duka, kuma maganar Malam ta tsaya min a rai. Amma ba zan ɓoye muku ba, ba zan canza yanzu ba. Da sunan nan aka san ni, da shi abokaina na waje suke nemana, kuma in na tashi yau na kira kaina Zaki ko Sadauki, ai abin da Yaya Bahago ya soka ne na sake yi, na yi wa kaina kirari da bakina, sai dai da Hausa. In sunan gida zan ɗauka, ku za ku ba ni, bayan kun ga wasana.

Bahagon_Kwarbai: Yanzu ka yi magana, ƙanena. Asabar bayan sallar isha'i, ni da kai, ɗaya da ɗaya, a PUBG, bindigar M416 kaɗai, ba gurneti. Oga Castolo ne alƙali, Kurciya da Kufena shaidu. In ka kayar da ni, zaure ya zauna ya zaɓa maka suna, ni zan sayi katin. In na kayar da kai, ka zama Shagon Bahago har ƙarshen wata.

꧁DarkKiller꧂: Na yarda. A turo lambar ɗaki ƙarfe tara, kuma kowa ya cika cajinsa tun da rana.